Mazantaka: Yadda Gari da Asali Suke Gina Namiji

Mazantaka, wato tarin halaye da ayyukan da jama'a suke sa ran gani daga ɗa namiji kafin su kira shi cikakken mutum, ba ta da ma'auni guda ɗaya ko a tsakanin al'ummomin da suke cin kasuwa ɗaya. Raewyn Connell, masaniyar zamantakewa daga Ostireliya, ta yi bayani a shekarar 1995 cewa kowace al'umma tana da nau'o'in mazantaka da dama, kuma tana fifita wani a kan wani.

A ƙasar Hausa sana'ar gado ce ta daɗe tana tsara wannan fifiko. Dambe ya shahara a gidajen mahauta, inda saurayi yake nuna kansa a fagen kaka ta hanyar kayar da abokin karawa, alhali ɗan gidan malamai da zai shiga wannan fage zubar da mutuncin gidansu zai yi, domin shi ana auna shi ne da karatu da kamun kai. Ɗan sarauta kuma ana son ya rage magana, ya iya kyauta, ya ɓoye fushi. A Nijar kokawa ta ɗaukaka har ta zama gasar ƙasa tun 1975, wanda ya yi nasara a ba shi takobi.

Idan aka dubi maƙwabta sai bambancin ya ƙara fitowa. Saurayi Bafulatani a wasan sharo yana tsayawa a zane shi da bulala ba tare da ya motsa fuska ba, amma samarin Fulanin Wodaabe a bikin Gerewol kwalliya suke yi, su shafa launi, su nuna farin ido da haƙori, 'yan mata su zaɓi wanda ya fi kyau. A wajen Buzaye kuwa namiji ne yake rufe baki da rawani, musamman a gaban surukai, mace ta bar fuskarta a buɗe.

Abin da ya haɗa yawancin Hausawa shi ne aure da riƙon gida, shi ya sa ake yi wa gwauro tashe a Kano cikin watan azumi, kuma ake kiran wanda ya daɗe bai yi aure ba tuzuru. A nan ne talauci yake yin mummunar illa, domin saurayin birni da ba shi da gona ko jari, ga tsadar lefe da kuɗin haya, yakan kai shekara talatin ana yi masa kallon yaro, wasu har su nemi girman da aka hana su a cikin daba. Don haka ya kamata iyaye da malamai da masu unguwanni su sassauta ɗawainiyar aure, su kuma buɗe wa waɗannan samari hanyar koyon sana'a.