Mazauna Kambo a Gonakin Jazira ta Sudan

Jazira fili ne mai faɗi a kudu da Khartum, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. A 1925 Turawan Ingila suka kammala madatsar ruwa ta Sannar, suka ja ruwa ta magudanai domin noman audugar da masaƙun ƙasarsu ke buƙata. Da aka faɗaɗa aikin zuwa Manaƙil bayan samun 'yancin kai, filin ya kai kusan hekta 880,000. An yanka shi gona-gona, kowace ana kiranta hawasha, aka damƙa wa mutanen yankin bisa yarjejeniya.

Auduga kuwa tana cin hannu. Mai hawasha da iyalinsa ba za su iya da shuka da cire ciyawa da ɗiban auduga su kaɗai ba, don haka tun farko aka dogara da 'yan ƙodago daga nesa. Wasu sun zo daga Darfur da Kordofan da Chadi. Wasu Hausawa ne da Fulani da Barebari masu tafiya hajji a ƙasa, waɗanda kan yada zango su nemi guzuri. Hanyar ba baƙuwa ba ce gare su, domin kusa da Sannar akwai garin Maiwurno, wanda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Da yawa sun zo da niyyar damina ɗaya, sai zama ya kama su.

A hankali 'ya'yan masu hawasha suka yi boko, suka nufi birane da ƙasashen Larabawa masu arzikin mai. Aikin gona ya koma hannun baƙi, wasu a kan lada, wasu a kan raba amfani da mai gona. Ke nan baƙon bai ƙwace wa ɗan gari aiki ba, gurbin da aka bari ya cike.

Inda aka zalunce shi shi ne wurin kwana. Tsarin Jazira ya tanadi ƙauyuka ga masu hawasha, bai tanadi komai ga ɗan ƙodago ba. Sai ya kafa bukka a gefen gona ko bakin magudana, irin zangon da ake kira kambo, jam'insa kanabi. Ɗakunan na kara ne da laka, filin kuma ba shi da takarda, don haka mutum ba ya yarda ya zuba kuɗinsa a ginin da za a iya rushewa gobe. Yawancin kanabi ba famfo, ba asibiti, ba makaranta. Mata na ɗibar ruwan sha a magudanar da dabbobi ke sha, yara na wanka a ciki, shi ya sa tsargiya da zazzaɓin cizon sauro suka yi katutu. Akwai iyalan da kaka da jika duk a kambo aka haife su, amma har yau ana musu kallon baƙi.

Yaƙin da ya ɓarke a 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya ƙara tona rauninsu. A Janairun 2025, lokacin da sojoji suka sake karɓe birnin Wad Madani na Jazira daga hannun RSF, mayaƙa masu mara musu baya sun far wa Kambo Tayba, suka kashe fararen hula bisa zargin haɗa kai da dakarun RSF. Babbar buƙatar mazauna kanabi ba ta sauya ba: a yanka musu filaye masu takarda, a ɗauki matsugunansu a matsayin ƙauyuka kamar kowane. Waɗanda suka yi shekara ɗari suna noma Jazira sun cancanci hakan.