Gwajin Gini Cikin Kwamfuta: Darasi Daga Birnin Zazzau

A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na cikin birnin Zariya da ƙasa da azara. Ya ɗaura bakan gizo, ya ɗora tulluwa a kansa, ba tare da zane a takarda ba. Ma'auninsa kuwa shi ne ido da gwanintar hannu.

Ran Juma'a 11 ga watan Agusta, 2023, wani sashe na masallacin ya rufta ana cikin sallar La'asar, aka yi hasarar rayuka. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya bayyana cewa kwana ɗaya kafin nan an ga tsaga a jikin bango, ana shirin kawo injiniyoyi sai abin ya auku. Tambayar da wannan musiba ta bari ita ce: yaya za a san nauyin da gini ke iya ɗauka tun kafin ya gaza?

Amsar wannan tambaya na cikin wani fanni da ake koya wa ɗaliban aikin injiniya a duniya yau, watau gwaji cikin kwamfuta. Ɗalibi yakan zana siffar gada ko rufi ko injin a cikin na'ura. Daga nan na'urar ta rarraba siffar zuwa ƙananan gutsattsari dubbai, ta lissafa yadda kowane ɗaya zai lanƙwashe ko ya tsage idan nauyi ko iska ko zafi ya same shi. Wani malami a Amurka, Ray Clough, shi ya raɗa wa wannan dabara suna a 1960. Jirgin sama samfurin Boeing 777, wanda ya fara tashi a 1994, a cikin kwamfuta aka tsara shi baki ɗaya.

Amfanin wannan ga ɗalibi a fili yake. Yana iya rushe gada sau goma a rana guda, ya gane kuskurensa, ba a yi hasarar buhun siminti ko ɗaya ba, balle rai.

To, amma fa na'ura ba ta san kome ba sai abin da aka ba ta. Ƙarfin siminti da na ƙarfe an daɗe da auna su, suna nan cikin littattafai. Ƙasar gini kuwa takan bambanta daga kududdufi zuwa kududdufi, ƙarfinta kuma yakan ragu in ta sha ruwan damina. Ɗalibin da ya ba na'ura lissafin da bai auna ba, za ta mayar masa da amsa mai kyaun gani, amma ta ƙarya.

Saboda haka ya kamata ɗaliban Tsangayar Aikin Injiniya ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, su riƙa barin Samaru suna shiga cikin ganuwa. Su zauna da magina, su auna tubali da azara, su bi sawun tsaga a tsofaffin zaurukan da har yanzu jama'a ke zama a ƙarƙashinsu. Hukumomin ayyuka kuma lalle ne su nemi irin wannan gwaji kafin su ce gini ya aminta.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye na gaba.