Lissafin da ke cikin na'urar hoton CT

A nan Kaura Goje, in likita ya tura mutum hoton CT a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, mukan ɗauka na'urar leƙa cikin kai take yi. Alhali lissafi ne zalla. Tana zagaya kai tana harba hasken eksire ta kowace kusurwa, tana auna yawan wanda ƙashi da nama suka shanye a kan kowane layi. Jimla kaɗai take samu. Daga dubban jimlolin nan kwamfuta ke zaƙulo abin da ke kowane gurbi. Abin da ke burge ni, wani masani mai suna Johann Radon ya warware wannan lissafi tun 1917, amma ba a gwada na'urar a kan majinyaci ba sai 1971 a Landan. Motsi kaɗan yana ɓata jimlolin, don haka in an kwantar da kai, don Allah ka natsu.