Mece ce tausar muƙamuƙi bayan gashin ciwon daji?

Mai ciwon daji na baki ko maƙogwaro, idan aka yi masa gashi da na'ura, irin wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato, wani lokaci yakan koma gida da sabuwar wahala: muƙamuƙi ya riƙe. Gashin kan sa naman tauna ya yi tauri, mahaɗar da ke gaban kunne ta riƙa ciwo, lomar tuwo ma ta gagara. A ma'aunin likitoci, bakin da bai buɗe fiye da milimita 35 ba ya riƙe. A gida, a gwada yatsu uku a jere tsakanin haƙoran sama da na ƙasa; idan ba su shiga ba, alama ce ta riƙewa.

Tausar aikin likitan gashin ƙashi ce. Yakan sa safar hannu, ya murza naman kunci ta ciki da waje, ya ja haɓa a hankali, sannan ya koya wa majinyaci atisayen buɗe baki na kullum.

Ga mutumin Illela, zuwa Sakkwato kowane mako ba ƙaramin kuɗin mota ba ne, shi ya sa atisayen gida ya fi komai muhimmanci. A fara da wuri, da izinin likitan daji. Kada a bari mai ɗori ya buɗe bakin da ƙarfi, domin ƙashin da aka gasa ba ya saurin warkewa.