Abin Da Ke Jan Samarin Kakuri Ga Sinimar Rushewar Duniya

Akwai wani irin wasan sinima da ya shiga ran samari a unguwannin da ke kudu da kogin Kaduna, watau Kakuri da Makera da Barnawa da Sabon Tasha, har malaman makaranta sun fara kuka da shi. Shi ne wanda a ke nuna duniya bayan yaƙi ya cinye ta: ba sarki, ba alƙali, ba ɗan sanda, sai hamada da tarkacen motoci, mai ƙarfi yana danne marar ƙarfi. Waɗansu sun ce son ganin jini ne kurum ke jan yara. To, lalle akwai wannan, amma ba iyakar maganar ke nan ba, don ruwa ba ya tsami banza.

Mafi shahara cikin waɗannan wasanni shi ne Mad Max, wanda wani likita mutumin Ostareliya, George Miller, ya fitar a 1979, ba da daɗewa ba bayan ƙarancin man fetur na 1973 ya girgiza ƙasashen Turawa. A 2015 ya fito da na huɗu, mai suna Fury Road, wanda aka ɗauka a hamadar Namibiya. Cikinsa wani azzalumi ya kame ruwan sha duka a kan dutse, ba ya sakar wa talakawa sai ɗan abin da ya ga dama. Duk yaƙe-yaƙen ƙasar nan a kan ruwa da mai da harsashi a ke yinsu.

Yanzu mai karatu ya dubi inda yaranmu suka tashi. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, zamanin Sardauna. A 1964 aka kafa United Nigerian Textiles, waɗansu kuma suka biyo baya, har dubban mutane daga ko wane lardi suka taru nan suna cin abinci. Ta farkon ta rufe a 2002, ta biyun ta tsai da aiki a 2007. Matatar mai da aka buɗe a 1980 ta yi shekaru da dama ba ta tace mai ba. A watan Mayu na 2023 aka janye tallafin fetur, kuɗinsa ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki. Saurayin da ya girma yana wuce tsatsattsun ƙofofin masaƙa, ya kwana a layin mai, ya sayi ruwa a hannun 'yan garuwa, in ya ga hamadar sinima ba baƙon wuri ya gani ba.

Sa'an nan ga abin da ya fi wannan nauyi. Rikicin Fabrairu na 2000 ya ci rayuka fiye da 1,000, na Nuwamba 2002 ya ƙara, har kogi ya zama kamar iyaka, Kirista suka yawaita kudu, Musulmi arewa. Yaran da aka haifa bayan haka sun ji a bakin iyayensu yadda doka kan watse cikin yini ɗaya. Saboda haka wasan nan yana taɓa wani tsoro da ke kwance a zuciya, ya kuma ba su jarumin da ba ya jiran kowa, shi ke ƙwato hakkinsa da hannunsa. Wanda ya gama makaranta ya zauna shekara uku ba aiki, ina abin da zai fi wannan yi masa daɗi?

Haɗarin kuwa a nan ya ke. In yaro ya ɗauka cewa ƙarfi shi ne gaskiya, maƙwabci kuma abokin gaba ne, to, an yi asara babba a gari irin Kaduna.

Amma hani ba zai yi magani ba, tun da wasan yana cikin wayar da ke aljihunsu. Abin da ya kamaci malami shi ne ya bi da su zuwa ƙarshen labarin. Jaruman Fury Road, da wata mace mai tuƙa babbar mota a gabansu, sun gudu neman wata ƙasa mai dausayi, suka tarar ta riga ta mutu. Sai suka juyo gida, suka kawar da azzalumi, aka buɗe wa jama'a ruwa. Malami ya tambayi aji: gobe wa zai raba ruwan nan? Wa zai gyara famfo, wa zai rubuta lissafi, wa zai yanke shari'a in biyu sun yi gardama? Nan za su gane rushe gari aikin dare ɗaya ne, gininsa kuwa sai da ma'aikatan da sinima ba ta nunawa.

Malamai da ma'aikatan ofis, ku ne waɗannan mutane. In ruwa ya zo a famfo, takarda ta fito ba cin hanci, yaro zai kalli hamadar nan ya san tatsuniya ce. Allah ya sa mu gane.