Fulogi Ukun Da Ke Ɓuya A Ƙarƙashin Manifol

Da yawa daga cikin 'yan Arewa mazauna Kurmi da tuƙin mota suke cin abinci. A tashoshin Agege da Sabon Badun ana ganin Toyota Sienna tana lodin fasinja zuwa Kano da Sakkwato. To, akwai wani aiki a injinta wanda ya kamata kowane mai ita ya sani, watau cire manifol.

Manifol shi ne bututun nan mai rassa da ke kwance bisa kan injin, yana raba iska ga kowace silinda. Siennar da aka ƙera daga 2004 zuwa 2010 silinda shida gare ta, uku gaba, uku baya. Fulogin gaba a fili suke, amma na baya manifol ya rufe su, sai an ɗaga shi kafin hannu ya kai. Saboda wuyar aikin ne wasu makanikai kan canja uku kurum, su karɓi kuɗin shida. Bayan 'yan watanni sai injin ya kama karkarwa, shan mai ya ƙaru, mota ta kasa hawan tudu ɗauke da kaya.

Ga yadda gwanaye ke yi. Da farko a bar injin ya huce, a cire wayar batir. Sa'an nan a kwance tiyon iska da wayoyi da ƙananan tiyo, ana sa wa kowane alama don kada a rikice wajen mayarwa. Akwai ƙarafa a baya masu riƙe da manifol, ba a ganinsu sai an laluba. Wanda ya manta da su ya ɓanɓara da ƙarfi, zai yi ɓarna.

Da an ɗaga manifol, sai ramukan shigar iska su bayyana. Nan ne babban haɗari. Lalle a toshe su da tsumma mai tsabta nan take, gama noti ɗaya in ya faɗa ciki aka tada mota, yana iya lalata bawul da fistin, aikin yini guda ya koma sauke injin. Wajibi ne kuma a ƙirga tsummokaran a fitar da su duka kafin a rufe.

Wajen mayarwa, a sa sabon gasket, kada a shafa wa tsohon gam. In iska na satar shiga ta gefe, mai ba zai ishi injin ba, sai ya riƙa mutuwa a tsaye. A ɗaure notuna a hankali, daga na tsakiya zuwa na gefe.

Mai mota kuwa ya tsaya a kan aikinsa, ya ce a damƙa masa tsofaffin fulogi shida a hannu. Rigakafi ya fi magani, balle ga wanda zai ratsa daji da dare ɗauke da rayukan jama'a. Allah ya kiyaye hanya, amin.