Kafin Ka Ɗaga Mota Sama: Abin da Wata Tsohuwar Hilux Ta Koya Mini a Dawanau

Watanni huɗun da na yi na SIWES, a wani gareji na yi su a Dawanau, bakin titin Kano zuwa Katsina, dab da kasuwar hatsi. Wanda ya san kasuwar ya san yadda tireloli ke lodin masara, gero, wake, riɗi da zoɓo zuwa kudu da Nijar da sauran ƙasashe. Amma buhu bai faɗo daga sama ba. Kafin ya hau tirela, sai wata ƙaramar mota ta shiga ƙauye ta ɗauko shi, ta burji da yashi da taɓo. A kan irin wannan motar nake son mu yi magana.

Kawuna yana sayen hatsi a kasuwannin ƙauye wajen Tofa, Bagwai da Bichi, ya kawo Dawanau. Da damina ne hatsi ke tsada, lokacin ne kuma manoma ke buɗe rumbu don su sayi taki su biya 'yan ƙwadago. Matsalar ita ce lokacin ne hanya ke lalacewa. Sai ya sayar da bijimin da ya kiwata, ya sayi wata tsohuwar Hilux mai jan taya huɗu wadda ta shekara biyu a ƙarƙashin darbejiya. Irin ƙirar nan ce ta 1988 zuwa 1997, injin dizal mai lita 2.8, aksil ɗin gaba sanda ɗaya ne a kan sifirin. Kuɗin gyaran da ya rage a hannunsa shi ne sauran jarinsa. In motar ta ƙi, shi ke nan.

Ranar da aka jawo ta, Kawu ya zo da buƙatunsa: manyan tayoyi, ƙarin sifirin, fitilu a saman kai. Oganmu ya saurare shi tsaf, ya ce, "Alhaji, ado daga baya. Mu fara da abin da zai dawo da kai gida." Ga yadda muka bi aikin, da dalilin kowane mataki.

Na farko: shasi, birki da sitiyari

Mun wanke ƙarƙashin motar, muka bi shasi da guduma muna ƙwanƙwasawa. Inda tsatsa ta ci, ƙarar ba ɗaya ba ce. Bayan kan mota da wajen maƙalin sifirin, nan ne tsagewa ta fi faruwa. Mun samu tsaga guda. Mai walda bai tsaya ga liƙe tsagar kaɗai ba, sai da ya ɗora faranti ya ƙetare ta hagu da dama, don nauyi ya bazu. Kafin walda an cire kan batir, an kare tanki da bututun mai. Daga nan muka juye man birki gaba ɗaya, domin man birki yana shan danshi, idan ya daɗe kuma birki ya yi zafi sai ka taka ka ji wayam. Sai kawunan sitiyari da boris na tayoyi. Duk wannan ba ya burge kowa a tasha, amma shi ne ran direba.

Na biyu: sanyaya inji da iskar da yake shaƙa

Motar daji tana aiki da ƙarfi a hankali, iska ba ta bugun lagireto kamar a kan kwalta. Don haka muka wanke lagireto ciki da waje, muka canja fanbel da robobin ruwa. Ku tuna kuma, laka tana toshe haƙarƙarin lagireto, sai an riƙa wankewa. Matatar iska ma sabuwa muka sa. Ƙurar hunturu idan ta shiga inji, kamar ka zuba masa yashi ne.

Na uku: a fahimci yadda jan taya huɗu ke aiki

Nan ne mutane da yawa ke ɓarna. Bayan giyabos akwai wani ƙaramin akwatin giya mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Sandarsa tana da 2H na tafiyar yau da kullum, 4H na yashi da santsi, 4L na taɓo mai zurfi ko hawa da kaya. A tsakiyar tayoyin gaba kuma akwai makulli mai rubutun FREE da LOCK. In ba ka sauka ka murɗa shi zuwa LOCK ba, ko ka sa 4L tayoyin gaba ba za su ja ba. Ni kaina na sha kunya a nan. Ranar gwaji na kafe a wata fadama, ina ta ba ta wuta, yara sun taru suna kallo, ashe makullin yana FREE.

Sannan irin wannan motar ba ta da abin da ke bambanta gudun gaba da na baya. A kwana, tayoyin gaba sun fi na baya yin nisa. A kan yashi taya na ɗan zamewa, bambancin ya fita. A kan kwalta babu zamewa, sai ƙarfin ya taru a furofela da haƙoran giya har wani abu ya karye. Da ka hau kwalta, koma 2H. Dalili ɗaya ne ya sa dole tayoyin huɗu su zama girmansu ɗaya.

Sai kwaskwarima, kowace da farashinta

Taya. Kawu ya so a tashi daga 205R16 zuwa 7.50R16. Ta farko tsayinta kusan inci 29 ne, ta biyu kusan 32. Mu yi lissafi irin na aji: bambancin inci 3 ne, amma rabinsa kawai motar za ta ƙaru daga ƙasa, wato inci ɗaya da rabi. A ɗaya hannun, ƙarfin jan da ke isa ƙasa zai ragu da kusan kashi 10 cikin 100, kuloci da birki su ƙara wahala, agogon gudu kuma ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Duk da haka mun yi wannan canjin, domin taya ce kaɗai ke ɗaga tulun aksil daga ƙasa, shi ne kuma ke fara dafe tudun tsakiyar hanya. Idan za ka sayi taya 'yar Kwatano, duba lambobi huɗun da ke gefenta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019.

Sifirin. A Dawanau kusan kowace a-kori-kura an ƙara mata ganye. Gaskiyar magana, ƙarin ganye yana hana mota zaunawa ne kawai, ba ya ƙara wa aksil, boris, birki ko shasi ƙarfi. An ƙera motar don kaya kusan tan ɗaya, wato buhu goma masu kilo 100. Ka ɗora ashirin, sifirin ya riƙe, to bugun ramin da sifirin ya kamata ya shanye, shasi zai sha. Ganye ɗaya Oga ya yarda a ƙara a baya. Ɗaga bodi sama kuwa ya ƙi sam, don mota mai tsawo da lodi a sama, a hanyar da ta karkata, kifewa take.

Numfashin aksil. Wannan ne muka raina, shi ya ci mu. A saman kowane aksil akwai ɗan ƙaramin noti mai huda da iska ke fita. Idan aksil ya yi zafi ya faɗa ruwan sanyi, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa. A watan Agusta Kawu ya ƙetare wani rafi sau da yawa. Bayan mako biyu ya dawo da kuka a baya. Muka kwance, man giya ya fito fari kamar koko, boris ya tafi. Kwana huɗu motar na kwance muna neman kaya a Ƙofar Ruwa, kasuwa biyu ta wuce shi. Maganin kuwa ɗan siririn tiyo ne da ake ɗaura wa hudar a kai bakinsa sama. Kuɗinsa bai kai na abincin rana ba. Ruwa a inji ya fi wannan muni: dizal in ya shaƙi ruwa, sandar fistin lanƙwashewa take, domin ruwa ba ya matsuwa. Rafin da ba ka sani ba, sauka ka auna da ƙafa.

Abin da ba ya buƙatar kuɗi

A yashi, rage iskar taya kaɗan don ta shimfiɗu, amma ka mayar kafin kwalta. Jera buhuna ƙasa-ƙasa, ka matso da su kusa da kai. Kada shebur, jak, katako mai kauri da igiya mai ƙarfi su bar motar. In za a ja ka, a ɗaura a ƙugiyar shasi, ba a bamba ba.

Fitilun saman kai har yau Kawu bai sa ba. Motar dai ta gama damina ta shiga kaka tana aiki, ya kuma fara tara kuɗin wani bijimin. Ranar da zan koma makaranta ya ce mini, "Ɗana, ashe karatun naku na da rana." Ku da za ku fita SIWES bana, musamman 'yan sashen kanikanci, kada ku tsaya neman ofis mai fanka. Ku shiga ƙarƙashin mota, ku tambayi Oga dalilin kowane abu, sannan ku gwada amsarsa da lissafin da aka koya mana a aji.